Kula da Kwamfuta Mai Sanyaya da Ruwa: Tsiyayewa, Wankewa da Sake Zubawa

GABATARWA

Tun daga ranar 12 ga Disamba 1991, da mazaunin Gwamnatin Tarayya ya taso daga Legas ya dawo Abuja, aikin ofis yake ta sauyawa. Tafireta ta ba kwamfuta wuri. A shekarar 2001 aka kafa hukumar NITDA domin bunƙasa fasahar sadarwa, a 2006 kuma aka kafa kamfanin Galaxy Backbone domin haɗa ma'aikatun gwamnati da ajiye bayanansu. Yau masu zanen gine-gine da taswira, da masu tace fim, da masu bincike a jami'o'i, duk suna bukatar manyan kwamfutoci masu ƙarfi, waɗansunsu kuwa da ruwa ake sanyaya su.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin ma'aikaci ko mai sana'a wanda aka danƙa wa irin wannan na'ura. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne: ruwan da ke cikin kwamfuta yana tsufa, kuma a gari mai zafi da ƙura kamar Abuja wajibi ne a riƙa tsiyaye shi, a wanke hanyarsa, a zuba sabo, a kan lokaci. Wanda ya yi sakaci yana iya wayar gari ya tarar na'urar da aka saya da kuɗi masu yawa ta ƙone, tare da aikin shekaru da ke cikinta.

DON ME AKE SA RUWA CIKIN KWAMFUTA?

Duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha, daga ƙarshe zafi take komawa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau furosesa, takan sha wat 65 zuwa wat 250, gwargwadon girmanta. Katin zane kuwa, wanda shi ke fitar da hotuna, babbansa yakan sha wat 300 zuwa 450, har ma fiye. Dukan wannan zafi daga ɗan wurin da bai kai faɗin kwalin ashana ba yake fita. In ba a kwashe shi da sauri ba, da zarar furosesa ta doshi digiri 95 zuwa 100 na ma'aunin Selshiyas, sai ta rage gudunta da kanta, in abin ya yi tsanani ta kashe kanta.

Yawancin kwamfutoci da fanka ake sanyaya su, kuma ta wadatar da su. Amma ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafi kamar ninki huɗu na kilo ɗaya na iska. In kuwa da mudu aka auna, watau cikin mudu na ruwa da cikin mudu na iska, ruwa ya ninka iska kusan sau 3,500. Alal misali, in famfo yana tura lita 3 cikin minti ɗaya, ruwan zai kwashe zafin wat 400 alhali ɗuminsa bai ƙaru da fiye da kimanin digiri 2 ba.

Wannan dabara ta daɗe. A 1980 kamfanin IBM na Amurka ya fito da babbar kwamfuta mai lamba 3081, wadda ruwan sanyi ke ratsa ta. A 1985 aka fito da Cray-2, wadda kayan cikinta a nutse suke cikin wani ruwa na musamman da ba ya ɗaukar lantarki. Daga baya aka sami furosesa marasa cin wuta, fanka ta sake karɓe aikin. To, da ƙarfin kwamfuta ya ci gaba da hauhawa sai aka komo wa ruwa. A 2012 aka buɗe SuperMUC a kusa da birnin Munik na Jamus, ana sanyaya ta da ruwa mai ɗumi. Manyan ɗakunan ajiye bayanai suna da injiniyoyinsu da ƙa'idodinsu. Mu a nan kwamfutar kan tebur muke nufi.

IRI BIYU NE, KADA A HAƊA SU

Akwai na'urar sanyaya da ruwa wadda aka like ta tun daga masana'anta. Ita ba a buɗe ta, ba a canja mata ruwa. Ƙura kawai ake kakkaɓe mata, in ta gaji a sayi wata. Akwai kuma wadda bakanike ya harhaɗa da hannu, ya sayo kowane sashe dabam ya jojjona su da tiyo. Wannan ta biyu ita ce ake tsiyayewa, kuma ga sassanta:

1. Tanki, inda ake zuba ruwa, inda kuma kumfa ke taruwa ta fita.

2. Famfo, mai tura ruwan. Waɗanda aka fi sani su ne D5 da DDC. Ruwan da yake turawa shi ne man da ke hana shi gogewa, saboda haka in ya juya babu ruwa, ko na ɗan lokaci ne, yana iya lalacewa.

3. Farantin ɗaukar zafi, wanda ake ɗaure shi a kan furosesa ko katin zane. Da jan ƙarfe ake yin sa, cikinsa kuwa an tsattsaga shi sirara kamar haƙoran matsefi, domin ruwa ya ratsa ya ɗebi zafi.

4. Lagireto da fankokinsa, kamar dai na mota. A nan ruwa ke miƙa wa iska zafin da ya ɗauko.

5. Tiyo da mahaɗai. Akwai tiyo mai laushi, akwai mai tauri wanda ake lanƙwasawa da zafi. Kowace mahaɗa tana da ɗan zoben roba, shi ke hana yoyo.

6. Bawul na tsiyaya, wanda ya kamata ya zauna a wuri mafi ƙasa duka.

Ruwa yakan tashi daga tanki ya shiga famfo, ya ratsa faranti da lagireto, ya komo tanki, haka yake ta zagayawa muddin kwamfuta tana kunne.

ABIN DA YANAYIN ABUJA KE YI WA WANNAN RUWA

Kowa ya san ruwan randa ya fi iskar ɗaki sanyi, domin yana tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bushe, ya tafi da zafi. Wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita ya haɗa tukunya cikin tukunya domin adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwan kwamfuta kuwa a rufe yake ruf, ba ya tsattsafowa, saboda haka lagireto ba zai iya sanyaya shi ya kai ƙasa da zafin iskar ɗakin ba. In ɗaki yana digiri 25, ruwa yakan tsaya wajen 33 zuwa 35 lokacin aiki mai nauyi. In ɗaki ya kai 35, sai ruwa ya doshi 45.

A Abuja zafin rana a watan Maris yakan haura digiri 35, wani lokaci ya doshi 40. In wuta ta ɗauke, aka tayar da ƙaramin janareta wanda ke iya ɗaukar kwamfuta amma ba ya iya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, to ruwan zai yini da zafi. Famfunan da muka ambata an yi su ne don ruwan da bai wuce digiri 60 ba, kuma tiyo mai tauri irin na PETG yakan fara saki ya zame daga mahaɗa in zafi ya yi yawa. Ya kamata a riƙe ruwa ƙasa da digiri 50 a kullum.

Sa'an nan ga ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Hazo yakan shiga ofis ko an rufe tagogi, fanka kuwa tana zuƙo shi tana cusawa cikin lagireto, har ya yi kamar an shimfiɗa masa bargo. Lagireton da ƙura ta toshe ba ya sakin zafi.

Cikin ruwan kansa kuma abubuwa uku ke faruwa sannu a hankali. Na farko, ɗumi da haske suna haifar da gansakuka da yauƙi, musamman in kwamfutar tana kusa da taga. Na biyu, maganin hana tsatsa da ke cikin ruwan yana ƙarewa, ƙarfe ya fara cinyewa. Na uku, tiyo mai laushi na roba mai garai-garai yakan saki wani farin abu mai danƙo. Duk wannan dauɗa cikin siraran tsagogin faranti take maƙalewa, ruwa ya rage gudu, zafi ya hau.

YAUSHE ZA A TSIYAYE?

Masu yin ruwan sanyaya sukan ce a canja shi bayan wata 6 zuwa wata 12. A wannan yanki namu lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu, hunturu ya gama zuba ƙurarsa, bazara ba ta kankama ba. Sa'an nan a sake dubawa sosai cikin Oktoba ko Nuwamba, bayan ɗaukewar damina. Ruwa mai launi mai kauri kamar madara ya fi saurin kwantar da gwiɓi, shi kam kada ya wuce wata 6.

Ba a jiran lokaci in an ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu: ruwa ya yi duhu ko ya canja launi, zafin furosesa ya ƙaru da digiri da yawa alhali aikin bai canja ba, famfo yana gurnani ko ƙara irin ta tsakuwa, ruwan tanki yana raguwa da sauri, ko an ga farin busasshen tabo a bakin wata mahaɗa. Har wa yau, in za a ɗauki kwamfutar a mota zuwa wani gari, ko daga wannan ofis zuwa wancan, a tsiyaye ta tukuna, domin girgizar hanya tana sassauta mahaɗai.

KAYAN AIKI

A tanadi bokiti ko roba mai cin lita 3 ko fiye, da guntun tiyo mai tsawon kamu biyu tare da mahaɗarsa, da tsummoki masu tsabta, da farar takardar goge hannu, da mazurari ko kwalba mai dogon baki, da babban sirinji, da sabon burushin haƙori mai laushi, da sukurdireba, da safar hannu ta roba, da sababbin zobban roba, da man da ake shafawa tsakanin furosesa da faranti. A tanadi ruwan wanki lita 4 ko 5, da sabon ruwan sanyaya lita 1 zuwa 2. A ware wa aikin yini biyu, domin gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido.

WANE RUWA ZA A ZUBA?

Ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma yake zuwa, kusa da Ushafa, kuma ana tace shi a sa masa magani domin sha. Amma ruwan sha yana ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa da sinadarin kilorin, waɗanda ke barin ƙanzo cikin lagireto, kamar yadda kowa ke gani a gindin butar shayi. Haka ruwan rijiyar burtsatse na Kubwa ko Lugbe ko Nyanya, da na 'yan garuwa, da na leda, da na gora: duk ba su dace ba. Tafasa ruwa ba ta fitar da gishirin, ƙara tattara shi take yi.

Ruwan da ake bukata shi ne wanda aka tafasa aka tara tururinsa ya koma ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ana kuma samunsa wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaji. A nan sai a yi hattara ƙwarai. Masu cajin batir suna ajiye ruwa iri biyu, akwai tsabtataccen ruwan tururi, akwai kuma ruwan asid, kuma a ido duk ɗaya suke. Asid yana cin ƙarfe, yana ƙona hannu da ido. Kada a karɓi ruwan da aka ɗura cikin gorar da ba ta da rubutu.

Ruwan tururi zalla ya isa wanki, amma wanda zai zauna cikin kwamfuta sai an haɗa shi da maganin hana tsatsa da na kashe gansakuka. Mafi sauƙi shi ne a sayi haɗaɗɗen ruwan sanyaya kwamfuta, ko kuwa mai ƙarfinsa a sirka bisa awon da aka rubuta a jikin kwalba. Ana iya tambaya a kasuwannin kwamfuta irin su Banex Plaza da ke Wuse II, a duba hatimi da ranar lalacewa. Kada a gauraya ruwan kamfani biyu. Kada kuma a zuba ruwan lagireton mota, domin ya fi kauri, kuma yana iya ɓata waɗansu robobin.

Akwai wata ƙa'ida da ba a karya ta: kada jan ƙarfe da alminiyam su haɗu cikin zagaye ɗaya. In ruwa ya haɗa su, sai wata 'yar wuta ta riƙa gudana tsakaninsu kamar cikin batir, alminiyam ya yi ta cinyewa har ya huje. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zama tare lafiya. Kafin a sayi sabon lagireto ko mahaɗa, a tabbatar da irin ƙarfensa.

YADDA AKE TSIYAYEWA

1. A kwafe dukan muhimman bayanai zuwa wata ma'ajiya dabam. A rubuta zafin furosesa da na ruwa, domin a gwada da na bayan aiki.

2. A kashe kwamfuta, a zare fulogi daga soket, a raba ta da batirin ajiyar wuta ko inbata. A danna makunninta na 'yan daƙiƙu domin ragowar wuta ta fita. A jira rabin sa'a ruwa ya huce.

3. A ɗora ta a kan tebur mai ƙarfi a wuri mai haske, a buɗe murafenta, a ɗauki hotonta ta kowane gefe domin a tuna yadda tiyo ya bi. A rufe babban allo da katin zane da akwatin wuta da tsumma.

4. A tabbata bawul a rufe yake, a cire toshiyar bakinsa, a ɗaura guntun tiyo, a saka ɗaya bakin cikin bokiti. Bokiti ya zauna ƙasa da kwamfuta.

5. A buɗe bawul. Ruwa zai ɗan zubo ya tsaya. Sai a kwance toshiyar da ke can sama, ta kan tanki ko ta kan lagireto, domin iska ta shiga. Kowa ya san gwangwanin madara ba ya zuba sosai sai an huda shi wuri biyu. Haka abin yake a nan.

6. In ruwa ya tsagaita, a mayar da toshiyar sama, a karkata akwatin gaba da baya, hagu da dama, a hankali, mutum biyu in yana da nauyi. A sake buɗewa. A maimaita har ya daina zuba. Ragowar da ta maƙale cikin lagireto ana iya turo ta da ɗan famfon hannu. Kada a hura da baki.

7. In babu bawul, a zuƙe ruwan tanki da sirinji, sa'an nan a matse tiyon da ya fi ƙasa, a janyo shi wajen akwati a kan bokiti kafin a cire shi. Kafin a sake zubawa kuma a sayi bawul a ɗaura, domin aikin baɗi ya yi sauƙi.

Kada a yi saurin kawar da bokitin. A zuba kaɗan cikin kwalba mai haske a duba, domin ruwa ba ya tsami banza. In ya fito garau, zagayen lafiya yake, ɗauraya ta isa. In yana da yauƙi ko kore-kore mai iyo, gansakuka ce. In da farin abu mai danƙo, tiyo ne ya tsufa. In da gari-gari mai launin toka ko shuɗi-kore, ƙarfe ne ke cinyewa, sai a nemo inda alminiyam ya shiga, ko inda rufin nikel ya ɓare.

WANKEWA

Lagireto: a ciro shi, a fita da shi waje a kakkaɓe ƙurarsa da burushi mai laushi ko abin hura iska, ba tare da an lanƙwasa siraran ganyayensa ba. A zuba masa ruwan tururi mai ɗumi zuwa rabi, a toshe, a girgiza, a zubar, a maimaita har ruwa ya fito tas.

Faranti: in ruwan ya fito da dauɗa, sai an buɗe shi, amma a sani waɗansu kamfanoni suna janye garantinsu in an buɗe. A lura da yadda zoben roba da ɗan ƙarfen da ke kan tsagogin suka zauna. A wanke da burushin haƙori da ɗan sabulun ruwa, a bi tsawon tsagogin, a ɗauraye da ruwan tururi sau da yawa. Kada a goga da yashi ko toka ko soson ƙarfe. Kada a taɓa murfin roba mai kama da gilashi da sifirit, domin yana sa shi tsattsagewa. Wajen mayar da kusoshi a ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sa'an nan wadda ke fuskantarta, kada a matse da ƙarfi.

Tiyo da zobba: tiyon da ya yi hazo, ko ya taurare, ko ya yi rawaya, a canja shi. Baƙin tiyo na EPDM ba ya sakin farin abu, haske kuma ba ya ratsa shi, ya fi dacewa da ofis. Duk zoben da ya baje ko ya tsage a canja shi. Zobe ɗaya kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma shi ke tsakanin ruwa da katin zane.

In an ɗaga faranti daga kan furosesa, a goge tsohon mai tsaf, a sa sabo kamar ƙwayar wake kafin a mayar.

SAKE ZUBAWA DA GWAJIN YOYO

A mayar da komai yadda hoto ya nuna, a bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya a ɗaure da hannu, ban da filaya. A rufe bawul, a mayar da toshiyarsa. Wanda ke da ɗan famfon gwaji mai agogo sai ya hura iska gwargwadon da masu kayan suka rubuta, ya jira minti 15. In allura ba ta sauka ba, babu kafa.

Lokacin zubawa famfo kaɗai ake so ya sami wuta. A cire dukan wayoyin wuta daga babban allo da katin zane da ma'ajiyar bayanai. Akwatin wuta ba ya tashi shi kaɗai sai an haɗa koriyar wayar da ke cikin babban fulogi mai ramuka 24 da baƙar waya. Akwai 'yar toshiya da ake sayarwa domin wannan aiki. Da yake akwatuna da yawa na yanzu dukan wayoyinsu baƙaƙe ne, kada a yi kirdado da guntun waya. A nemi toshiyar, ko a kira wanda ya ƙware.

A cika tanki kusan baki, a kunna famfo, a kashe kafin ruwa ya kai gindin tanki. A ƙara ruwa, a sake kunnawa. Haka za a yi ta yi har ruwa ya zagayo ya komo. Sa'an nan a bar famfo yana aiki, a riƙa karkata akwati a hankali domin kumfa ta fito, amma ban da karkatar da za ta sa famfo ya zuƙi iska. A bar ɗan fili kamar faɗin yatsa biyu a saman tanki, domin ruwa yana kumbura in ya yi zafi.

A naɗa farar takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗa, a bar famfo ya yi aiki na sa'o'i da yawa, in da hali ya kwana. In wuta ta ɗauke, sa'o'in da famfo ya yi yana juyawa kaɗai za a ƙirga. In takarda ta kwana a bushe, sai a mayar da wayoyi, a kunna kwamfuta, a gwada zafinta da wanda aka rubuta tun farko. Ƙananan kumfa sukan ɗauki kwana biyu ko uku kafin su ƙare, a ƙara ruwa in tanki ya sauka.

IN RUWA YA ZUBA A KAN NA'URA

A kashe wuta daga soket nan take, kafin a taɓa akwatin. Sabon ruwan tururi ba ya ɗaukar lantarki sosai, amma wanda ya yi watanni yana ratsa ƙarfe yana ɗauka. A ciro sashen da ya jiƙe, a tsane shi, a goge allon da sifirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya, a ajiye a inuwa mai iska kwana biyu ko uku. Kada a kunna domin a gani ko tana aiki. A wannan kunnawar ce yawancin alluna ke ƙonewa. Akwatin wutar da ruwa ya shiga kuwa ba a buɗe shi, domin yana riƙe wuta mai kisa ko an zare fulogi.

GARGAƊI GA IYAYE DA MASU SHARA

Waɗansu ruwan sanyaya suna ɗauke da sinadarin etilin gilaikol, wanda ke da zaƙi a baki amma yana kashe ƙoda. Ga shi kuma da launi ja ko kore ko shuɗi kamar lemon kwalba. Jama'a ba su manta ba, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a Nijeriya bayan sun sha maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu da dayetilin gilaikol, ɗan'uwan wannan sinadari. Saboda haka kada a ɗura ruwan sanyaya, sabo ko tsoho, cikin gorar ruwan sha ko ta lemo. A rubuta masa suna, a kulle shi inda yaro ba ya kaiwa. In wani ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, kada a jira alamu su bayyana. A garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar, ko a kira lambar gaggawa 112.

Tsohon ruwa kuma ba a zuba shi a kwata ko a gindin shuka ko inda dabbobi ke sha. A tara shi cikin jarka mai murfi, a nemi shawarar Hukumar Kare Muhalli ta Abuja. Matattun alluna da wayoyi suna cikin sharar lantarki, wadda hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ke sa ido a kanta. Kada a ƙona su domin a ciro jan ƙarfe, hayaƙinsu guba ne.

KAMMALAWA

Ana roƙon shugabannin sassa su ajiye wa kowace irin wannan kwamfuta ɗan littafin rajista, a riƙa rubuta ranar da aka canja ruwa, da irin ruwan da aka zuba, da abin da aka gani cikin tsohon, da sunan wanda ya yi aikin. In an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, magajinsa zai san inda aka kwana. A riƙa leƙa tanki kowane mako, a kakkaɓe ƙura kowane wata, kowane mako biyu kuma in hunturu ya shigo. Ofishin da ya san ba shi da mai wannan hidima, gara ya sayi kwamfuta mai fanka tun farko, babu abin kunya a ciki.

Kwamfutar ofis da kuɗin jama'a aka saye ta, bayanan da ke cikinta kuwa amana ce. Lita biyu na ruwa da aikin yini biyu a shekara su ne kuɗin tsaron wannan amana. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya miƙa wa abokin aikinsa.